Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dutsen Zagami

A makon jiya na tsaya ne a inda na shiga aji uku a sashen nazarin duwatsu da ma'adinai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A wannan zangon ne wani malaminmu ya tambaya ko akwai ɗan Katsina a ajin. Na ɗaga hannu, na ce, "Daga Faskari nake, Malam." Ya ce, "To, ba mu labarin dutsen Zagami." Garin Zagami na san shi, amma dutsen ban taɓa jin labarinsa ba.

Ashe ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar hankaki a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo dab da shi, ya nutse cikin ƙasa. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya taso, domin iskar da ta maƙale a ɗigon gilashin da ke jikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976.

Malam ya ci gaba da bayani, ni kuwa jikina har tsuma yake. Wajen shekara biliyan 4.5 da suka wuce, duniyoyin nan na dutse, irin su Mars da tamu duniyar, a narke suke. Baƙin ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, dutse marar nauyi ya taso, kamar yadda datti ke tasowa saman narkakken alminiyum a wurin masu ƙera tukwane. Saboda haka abin da ya rage a bisa yana faɗa maka abin da ya sauka ƙasa. Duwatsun Mars irin na Zagami sun fi galibin namu ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin, alamar cewa ƙarfe mai yawa bai samu nutsewa ba. Sinadaransu kuma sun nuna Mars ta kammala haɗuwa cikin 'yan miliyoyin shekaru, alhali tamu duniyar ta ɗauki gomman miliyoyi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dutsen da turawa ke rubuta littattafai a kansa a ƙasarmu ya faɗo, amma ko a firamare ba a taɓa ambata mana shi ba. A daren nan na ƙudurta cewa a kansa zan yi binciken kammala digiri.

Da hutu ya zo na tunkari Baba da maganar. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.