Waƙafin da ya kusa kayar da rufi

Jiya na miƙa makullin ofis. Shekara uku na yi ina zanen gine-gine a wani ƙaramin kamfani a Vilnius, babban birnin Lituweniya, amma duk wanda ya tambaye ni me na koya, labarin waƙafi nake fara ba shi.

Zane aka ɗauke ni, ba lissafi ba. Lissafin ƙarfin gini da rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python sha'awa ce kawai, abin da nake rage dare da shi a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu. A haka na haɗa 'yar manhaja: ka ba ta tsawon bim (ƙarfen da ake gittawa ya tallafi rufi) da nauyin da zai ɗauka, ta faɗa maka kaurin ƙarfen da ya dace. Oga ya gani, ya ce kowa ya riƙa amfani da ita. Wata uku yana nuna wa baƙi, yana cewa "aikinmu".

Sai ranar rufin wani sito. A yankin Vilnius ana lissafa nauyin dusar ƙanƙara kusan kilo 160 a kan kowane murabba'in mita, wato kilonyutan 1.6. To mutanen nan ba ɗigo suke sawa ba, 1,6 suke rubutawa, da waƙafi. Manhajata kuwa waƙafi ta sani a matsayin mai raba lamba da lamba. Ta ɗauki 1, ta yar da 6. Ƙarfen da ta zaɓa ya fito siriri, ni kuma har ina murna na rage wa mai aiki kuɗi.

Wata tsohuwar injiniya ce ta kama shi, da fensir da takarda. Ta ce idonta bai kwanta da bim ɗin ba. Oga ya tara mu, ya buga yatsa a kan allon kwamfutata yana maimaita "kablelis, kablelis". Ranar na haddace sunan waƙafi a yarensu. Ya tuna mana kantin unguwar Zolitude ta birnin Riga, a maƙwabciyarsu Latbiya, wanda rufinsa ya rufta a Nuwamban 2013 ya kashe mutum 54. A nan gaskiyarsa ce, ban yi barci ba daren. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda "aikinmu" ya koma "wasan yaron nan" cikin minti biyar, alhali shi ke sa hannu, kuma bai taɓa gwada ta da lissafin hannu ko sau ɗaya ba.

Shawarata ga mai irin sha'awata: kowace lamba da manhaja ta karanta, sa ta buga maka ita ka gani da idonka. Ka kuma ajiye shaidar wanda ya ce a yi amfani da ita.

Yaren ƙasar ma ka koye shi, ko da sunansu na canja wutsiya har kala bakwai, Jonas ya koma Jonai in za ka kira shi. 

Na gyara manhajar a mako guda. Har yau da ita suke aiki. Da zan fita jiya oga ya biyo ni bakin ƙofa, wai in rubuta masa yadda ake sabunta ta. Na ce masa "ačiū", wato na gode, na sa hulata.