Abin da tura sakamakon ɗalibai ta imel ya koya min

Na ajiye aiki ƙarshen watan jiya, kuma waɗanda muka zauna ofis ɗaya a Tudun Wadan Gombe sun san dalili, ba sai na kama suna ba. Tunda na tafi ɗaliban da aka kawo sanin makamar aiki suke ta kirana wai in musu bayanin yadda ɓangaren tura sakamako ta imel yake aiki, don babu mai musu bayani a can. To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, har da yadda aka yi aka zo ga kod ɗin da kuke gani yanzu, don ba haka kawai ya faɗo ba.

Kun dai san fotal ɗinmu na makarantun kuɗi. Uba zai shiga da lambar ɗansa da kalmar sirri, PHP (yaren da aka rubuta fotal ɗin da shi) ya tambayi MySQL (rumbun ajiyar bayanai), ya jero maki, matsayin yaro a aji, sharhin malamin aji, da ragowar kuɗin makaranta in ana binsa. Sai wata Hajiya mai makaranta ta ce iyaye da yawa ma'aikata ne, wasu na Abuja wasu na Kaduna, ba sa buɗe fotal, tana so ranar rufe zango sakamako ya same su a imel. Kafin ta rufe baki Oga, shugabanmu a wurin aiki, ya ce an gama Hajiya, ai shafin yana nan, maɓalli ɗaya za mu ƙara.

Nan ne asalin matsalar, domin shafin ba ya nan. Ba fayil ba ne da ke ajiye a folda kamar hoto. Kamar teburin mai shayi ne, ba a haɗa maka a ajiye tun asuba, sai ka zo ka zauna an ga fuskarka sannan a yi maka haɗinka, kauri ko ruwa-ruwa. Sabar, wato kwamfutar da fotal ɗin ke zaune a kanta, tana gina shafin ne a lokacin da aka nema, kuma tana duba kuki da seshon, shaidar da ta ba mutum lokacin da ya shiga, ta san waye ya nema. Na ce masa Oga ranka ya daɗe, wannan aikin sai an ware masa lokaci, domin abin da burauza ke nunawa daban, abin da akwatin imel ke iya nunawa daban. Ya ce min kai matsalarka dogon turanci, kullum sai ka mai da ƙaramin abu babba. A baki muka yi wannan maganar, daga ni sai shi.

Daren jajibirin rufe makaranta ya zauna da kansa ya rubuta abinsa. Ya sa file_get_contents, umarnin PHP na ɗauko abin da ke wani adireshi, ya ɗauko adireshin shafin, ya zuba abin da ya dawo cikin mail() mai tura imel, ya ɗora kai tsaye ta cPanel, allon sarrafa sabar, bai bi ta git ba, wato manhajar da ke ajiye tarihin wanda ya canza kowane layin kod. Wanda ya san aikin ya riga ya hango abin da zai faru: in sabar ta buga wa kanta ƙofa ba ta ɗauke da kukin kowa, baƙuwa ce, sai fotal ya tura ta shafin shiga, shi kuma file_get_contents ya bi turawar ya kwaso abin da ya tarar. Washegari abin da iyaye suka samu ke nan, akwati biyu na suna da kalmar sirri, babu launi babu tambarin makaranta, babu maki ko ɗaya. Wayar Hajiya ta dinga ruri.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Maimakon ya kira ni, sai ya cire binciken shiga daga shafin bugawa gaba ɗaya, ya bar lambar ɗalibi a jikin adireshi, ya sake turawa. Maki sun fito kam. Amma a ƙasan kowane saƙo akwai linkin bugawa mai ɗauke da wannan lambar, kuma ƙofa a buɗe take. Wani uba ya danna, ya ƙara ɗaya a kan lambar ɗansa, sai ga sakamakon 'yar wani da bashin da ake bin ubanta. Kafin la'asar magana ta shiga gurup ɗin iyaye na WhatsApp. Ku da kuka san Gombe kun san kowa ya san kowa, mutum ya gwammace a ce ɗansa ya zo na ƙarshe da a ce an ga bai biya kuɗin makaranta ba. Ga kuma Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, wato abin ya wuce batun kunya kawai.

Aka kira mu ofishin Hajiya. Ta buga saƙon a takarda ta ajiye a kan tebur, ta zagaye wurare da jan biro, har da sunayen yaran da ke da ɗ ko ƙ da alamar naira, duk sun koma wasu haruffa marasa kan gado. Ina zaune a gefensa Oga ya ce, Hajiya a yi haƙuri, yaron da na ba aikin ne bai gama ƙwarewa ba, amma zan ɗau mataki. Ta juyo ta kalle ni ta ce ɗana, amanar 'ya'yan mutane ce fa a hannunku. Wallahi wannan kalmar ta fi kwerin da aka ba ni ciwo, ta fi abin da aka yanka a albashina. Babu abin da zan nuna, gargaɗina a baki ne, kod ɗin kuma bai bi ta inda za a ga sunan wanda ya rubuta ba. An shafa min kashin kaji a gaban matar da take ganin mutuncina, kuma har yau ba a je an wanke ni ba.

Ni aka ce in gyara, na kuma gyara, a lokacin hutu. Abu na farko na mayar da ƙofar na kulle. Sannan na raba ɗauko bayanai da nuna su: aiki guda ne yake karɓar lambar ɗalibi ya dawo da maki da komai, sai samfuri biyu, ɗaya na burauza ɗaya na imel. In za a tura, a kira ob_start don PHP ya riƙe abin da zai fitar, a shigo da samfurin imel, a kwashe abin da ya fito da ob_get_clean, shi ke nan HTML ɗin, wato kod ɗin shafin, ya shigo hannu ba tare da sabar ta fita intanet ta dawo ba, ba a buɗe wa kowa komai ba.

Samfurin imel ɗin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne nake roƙo kada ku ce za ku zamanantar da shi. Na san in kun buɗe za ku ga tebur cikin tebur, faɗi fiksel 600, kowane layi da salonsa a jikinsa, ku ce tsohon yayi ne. Da gangan ne. Manhajojin imel ba sa gudanar da JavaScript, kod ɗin da ke sa shafi motsi, don haka jadawalin nan mai motsi na ci gaban yaro ba zai taɓa fitowa ba. Yawancinsu ba sa ɗauko fayil ɗin CSS, wato na kwalliyar shafi, daga waje, don haka haɗaɗɗen CSS irin Bootstrap ba shi da amfani a nan. Tsohon Outlook na kwamfuta tun na 2007 da injin Microsoft Word yake zana saƙo, kuma iyayen da ke aiki a banki ko ma'aikata da shi suke buɗewa. Hoto sai da cikakken adireshi daga https, ko a cusa shi cikin saƙon, duk da haka wasu manhajojin ba sa nuna hoto sai an danna, shi ya sa ban sa maki ko ɗaya cikin hoto ba. Gmail kuma in saƙo ya haura kilobait 102 yanke ƙasan yake yi ya ɓoye, a ƙasan nan kuwa ranar komawa makaranta take.

Haruffan da Hajiya ta zagaye, maganinsu a faɗa wa saƙon cewa UTF-8 ne, tsarin haruffan da ya san irin waɗannan baƙaƙe. Da na koma PHPMailer, kayan aikin tura imel a PHP, sai da na sa da hannu, domin in ka bar shi yadda ya zo iso-8859-1 yake ɗauka, wanda bai san ƙ ba bai san alamar naira ba. Na kuma cika AltBody, gurbin saƙo mara kwalliya, da rubutu zalla saboda masu ƙananan wayoyi.

Wajen turawa ma sai da muka yi ja-in-ja. Oga yana so a yi amfani da Gmail ɗin makarantar na kyauta, alhali iyakarsa saƙo 500 a rana, kuma tun 30 ga Mayun 2022 Google ya fara rufe shiga da kalmar sirri zalla ga irin waɗannan manhajojin. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsaurara wa masu turawa, in babu SPF ko DKIM, shaidar cewa daga gare ka saƙon ya fito, a sunan yankinka na intanet saƙo sifam zai faɗa ko a dawo maka da shi. A wannan karon a rubuce na tura masa, ya karanta ya yi shiru, na yi abina ta SMTP, hanyar miƙa saƙo ga sabar imel, a tasha ta 587. Sannan maɓallin da sakatariya ke dannawa ba ya tura komai, layi kawai yake jerawa a tebur, cron, mai tada aiki lokaci-lokaci a sabar, shi ne ke ɗiba kaɗan-kaɗan yana sa alamar an tura. In ba haka ba PHP zai yanke aikin bayan daƙiƙa 30, ko netwok ya tsinke ta sake dannawa, uba ɗaya ya samu saƙo biyu wani bai samu ko ɗaya ba.

Zangon da ya biyo baya komai ya tafi lafiya, ko kira ɗaya ba a yi ba. Yanzu da shi ake zuwa talla makarantun Kumo da Billiri har Bauchi, Oga na cewa shi ya ƙirƙiro. Abin da aka yanka bai dawo ba. Na san dai abin da na bari yana aiki, kuma duk wanda ya buɗe git zai ga sunan wanda ya rubuta kowane layi.

Sauran gajeru ne. Duk gargaɗin da kuka yi a baki ku bi shi da saƙo ko na WhatsApp ne. Kada komai ya hau sabar sai ta git, ko da Oga ne. Ku fara tura wa kanku a Gmail da Yahoo ku buɗe a Tecno ko itel kafin ku taɓa adireshin uba ko ɗaya. Ku riƙa duba saƙonnin da suka dawo, da yawa kuskuren bugawa ne daga ofishin makaranta.

Sannan akwai makarantun da aka kwafa musu fotal a makon da ƙofar nan take buɗe, tsohon shafin bugawar yana nan a sabar ɗinsu ba kulle. Na rubuta wa Oga kafin in tafi, bai ba ni amsa ba. Don Allah wanda yake da damar shiga a cikinku ya duba ya rufe kafin a fara shigar da makin wannan zangon.