Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Gidan Haya a Kakuri

Makon jiya na tsaya daidai inda Baba ya samu aikin masaƙa, ya aiko Zariya a kawo mu. A Kakuri muka sauka, kudu da kogin Kaduna. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, zamanin Sardauna, unguwar take ta kumbura. Masaƙun Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, a 1975 kuma ga kamfanin Peugeot. Ma'aikata dubbai, matsuguni kuwa sai abin da masu filaye suka ga damar ginawa.

Namu ɗakuna ne sahu biyu suna kallon juna, da siririn lungu a tsakani, madafi da makewayi can ƙurya, na kowa da kowa. Babu zaure. Inna na sauke kaya ta ce, "Malam, to baƙo a ina zai tsaya?" Baba ya ce, "A bakin ƙofar ɗaki mana, kamar kowa." Daga ranar zancen kulle ya ƙare, ba don wani ya yi mata wa'azi ba, ginin ne kawai bai bar masa wuri ba. Kafin shekara ta zagayo tana daka a turmi ɗaya da matar wani mutumin Binuwai, ta kuma koyi tuwon doya, ko da yake har ta rasu tana cewa bai kai na dawa ba.

Jiniyar masaƙa ce agogonmu. Makon da maƙwabci yake aikin dare, ba yaron da ya isa ya yi tsalle a lungu da rana, sai mu kwashi ƙwallonmu mu nufi bakin layin dogo. A can ba a fara tambayarka ƙabila. Wace masaƙa babanka yake, sashen kaɗi ko na saƙa ko na rini? Da wannan ake raba 'yan wasa, da shi ake faɗa.

In mun je Zariya hutun Sallah, 'ya'yan Baffa sukan kira mu 'yan bariki, wai Hausarmu ta gauraya da buroka. Ba ƙarya suka yi ba, amma mu ma mun raina musu, don ko ƙarar injin ba su taɓa ji ba.

Mako mai zuwa zan kawo yadda Baba ya yi faɗa da mai gidan hayar a kan kuɗin wuta, har muka koma Makera.