Duhun zanen mai shayi ya dawo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya Lahadi bayan la'asar muka rufe ƙofa, kuma tun daren jiya hannuna ke ƙaiƙayin in rubuto muku, don zanen mai shayin nan da nake ta kuka da shi tun watan Nuwamba ya miƙe. Duhunsa ya dawo. Na rataye shi a bangon da ke kallon ƙofa, duk wanda ya shigo da shi yake fara cin karo, wani ma sai da ya jawo kujera ya zauna a gabansa. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Mu biyar ne masu zane a Zariya tsakanin Samaru da Hayin Dogo muka haɗa baki muka buɗe ɗakunan aikinmu kwana biyu, Asabar da Lahadi, kowa ya shigo kyauta, ya fita daga wannan ya taka zuwa wancan. A Turai da Amurka masu zane sun saba yin haka a unguwanninsu, mu kuwa wannan ne karonmu na farko. Da hannu muka zana taswirar hanya, muka watsa a WhatsApp. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Zanen ƙafa 4 ne da ƙafa 3, fentin mai a kan kanbas. Mai shayi ne a bakin titi da dare, fitila mai caji guda ɗaya a kan tebur, gwangwanayen madara a jere, tururi na tashi daga tukunya, mutum uku a kan benci sun ba mu baya. Kashi uku cikin huɗu na zanen duhu ne. Ba na matso baƙi daga tub, shuɗin oltramarin nake haɗawa da amba, wato kalar ruwan ƙasa mai duhu, in ƙara ɗan ja inda nake son ɗumi. Ranar da na ajiye burushi, duhun nan kamar ka leƙa rijiya. Bayan kwana huɗu na shigo da safe na tarar ya yi furu-furu, irin ƙafar yaron da ba a shafa wa mai ba a hunturu. Kuma ba gaba ɗaya ba, faci-faci: nan yana sheƙi, ɗan gaba kaɗan ya mutu ya koma toka. Bayan mutumin da ke tsakiya ya haɗe da bango, ba ka gane inda kafaɗarsa ta ƙare.

Da farko na ɗauka ƙura ce, na goge, babu abin da ya canza. Sai na jiƙa yatsa na taɓa wajen, nan take kalar ta dawo daidai girman yatsan, ruwan na bushewa ta sake mutuwa. To kalar tana nan ke nan, man da ke riƙe da ita ne ya gudu. Na san wannan a karatu, amma a lokacin zuciyata ba ta tsaya ta yi tunani ba. Na sake haɗa kala na bi ta kai. Ta nutse. Na sake. Sau uku ina yi, na cinye kusan rabin babban tub ɗin oltramarin da na saya naira 24,000, kuma duk shafin da na ƙara sai zanen ya ƙara nauyi, hasken fitilar da na samu a zaman farko yana raguwa.

Sai da na juya kanbas ɗin na ga bayansa sannan jikina ya yi sanyi. Tabon mai ne ko'ina, ruwan ɗorawa, daidai siffar wuraren duhun. Man ya ratsa share fagen, wato shafin da ake yi wa kanbas kafin a fara zane, ya shiga zaren. A watan Agusta na shirya kanbas guda shida a rana ɗaya. Imolshan ɗin da na saba share fage da shi, fentin bango, ya ƙare, na sayi wani ƙaramin bokiti mai araha, kuma da yake farin gam ya yi tsada na rage shi sosai, ban ma yi shafin gam zalla na farko ba. Imolshan mai araha alli ne ya fi yawa a ciki, abin da ke ɗaure shi kaɗan ne, shan mai yake kamar soso. Ga kuma halina na tsoma burushi a kananzir in koma kan kala ban matse shi sosai ba, wato tun kafin fentin ya hau kanbas na riga na tsinka shi. Ita kuma amba da ma tana cikin kalolin da suka fi saurin bushewa da saurin dushewa. Abu uku suka taru a wuri ɗaya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na gaba. Mun riga mun tsayar da ranar buɗe ɗakunan, na ga lokaci na tafiya, sai na ce bari in shafa banish, ruwan sheƙin da ake rufe zane da shi a ƙarshe, ya ta da kalar. Sati biyar kacal da gama zanen. Ni da bakina nake gaya wa ɗalibaina cewa fentin mai ba kamar wanki yake bushewa ba, iska yake sha a hankali yana ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, a ba shi wata shida kafin banish. Na sani, na yi. Kuma da rana tsaka na yi, tsakiyar Disamba, hazo ya rufe gari, taga a buɗe saboda wari. Awa ɗaya zanen ya yi kyau kamar ranar farko. Da gari ya waye na shafa bayan hannuna a kai, sanfefa sak. Ƙurar hunturu ta zauna a cikin banish ɗin ta daskare, idan haske ya bugo daga gefe sai ka ga duhun cike da ƙananan ɗigo fari fat.

Na ɗauko tafentin, ruwan narkar da fenti, da auduga na fara cirewa. Banish ɗin sabo ne, yana narkewa ba gardama, amma fentin da ke ƙasa bai gama ƙarfi ba. Audugar farko ta fito ruwan zuma, ta uku ta fito shuɗiya. Kafaɗar mutumin hagu ta tafi a hannuna ina kallo. Na ajiye komai na ja ƙofa, kwana biyu ban shiga ɗakin ba.

Babba a cikinmu mu biyar ɗin, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, shi ya zo da kansa da ya ji shiru. Bai kalli gaban zanen ba ma, juya shi ya yi, ya daɗe yana duba tabon. Ya ce, "Ɗana, me ka shimfiɗa a ƙasa?" Na ce, "Baba, imolshan ne, na rage gam." Ya ce to ƙasar ce ke jin ƙishirwa, ko tub goma na juye mata za ta shanye. Ya zauna ya nuna mini yadda zan ƙarasa cire banish ɗin: a naɗa auduga kaɗan a kan tsinke, a mirgina ta, ba a goga ba, wuri ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, a duba audugar kowane juyi, da an ga kala a tsaya a bar wajen ya huta. Kwana huɗu na yi ina wannan. Na bar shi sati guda, na gyara kafaɗar, na sake barinsa.

Sannan aka zo kan man. Man linsid, wanda ake haɗa fentin mai da shi, rabi, tafentin rabi. Tsohuwar farar singileti da ta sha wanki har ba ta zubar da gashi. A ɗiga kaɗan, a murza a wuraren da suka mutu kaɗai, ban da inda ke sheƙi. A jira kamar minti biyar ƙasar ta sha abin da za ta sha. Sai a ɗauki busasshen ƙyalle a goge kamar ana son a cire duka, har sai ka taɓa ba ka ji maiƙo ba. Nan ne sirrin yake, kuma nan na kusa sake ɓatawa, don ido yana son ya bar sheƙin. Baba ya riƙe mini hannu ya ce in ci gaba da gogewa, man da ya kwanta a sama shi ne zai yi danƙo, ya kama ƙura, ya koma ruwan ɗorawa nan da 'yan shekaru. Ya kuma ce kada in mayar da abin ɗabi'a, magani ne na wanda ya riga ya yi ɓarna. Wurare biyu sun sake nutsewa bayan kwana biyar, na maimaita musu su kaɗai, daga nan suka tsaya.

Ƙura kuma fa? Gidan sauro ba ya tare ta, na gwada, ta cikinsa take wucewa. Abin da ya yi mini aiki kwalin firiji ne da na karɓo wurin masu kayan lantarki a Sabon Gari. Bayan sallar asuba nake aikin, lokacin iska ba ta tashi ba, na yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, na rataya jiƙaƙƙen zani a ƙofa. Ina gamawa sai in jingina zanen fuskarsa na kallon ƙasa kaɗan, in kifa kwalin, in bar 'yar kafa ta ƙasa don iska. Don Allah tsumman da ya sha linsid kada ku dunƙule shi ku jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama wuta. A bokitin ruwa nake tsoma nawa.

'Yan ajin Asabar sun ci ribar wahalata. Yara tara ne yanzu, da matan aure biyu. Na yanka ragowar kanbas gida shida, muka yi wa kowanne share fage daban, muka ɗiga mai a kai muka bar su sati guda. Wata yarinya 'yar aji biyu a sakandare ita ta fara juya nata, ta ɗaga shi a rana ta ce, "Malam, wannan ya zubo, wancan bai zubo ba." Wanda ya fi riƙewa a gwajinmu shi ne mai shafin gam da ruwa sau biyu tun farko, sannan imolshan kashi uku gam kashi ɗaya, shafi uku marasa kauri, ana bi da sanfefa mai laushi tsakani. Wanda muka cika wa gam ya yi santsi, fenti na zamewa a kai. Wannan da kayan da nake samu a nan ne, ku gwada da naku kafin ku shirya kanbas shida a kai. Wanda kuma aljihunsa zai ɗauki jeso na akirilik, share fagen da ake sayarwa a haɗe, ya huta da duk wannan.

Firam biyu sun murɗe, katakon ɗanye ne aka yi da damina, hunturu ya busar da shi. Naira 18,000 na sake biya aka yi wasu. Ban samu damar gama zanen tashar jirgin ƙasa ba, da niyyar a ce shi ne na biyu a girma, haka na jingina shi rabi da rabi, kuma abin mamaki mutane sun fi yi mini tambaya a kansa, suna son ganin yadda ake farawa.

Mutum 64 suka sa hannu a littafina cikin kwana biyun, ban da yaran unguwa da suka yi ta shiga da fita. Wata Hajiya da muke katanga ɗaya shekara bakwai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce, "Ashe abin da kake yi ke nan? Ni na ɗauka allon shaguna kake rubutawa." Na ce, "Mama, ai laifina ne da ban taɓa cewa ki shigo ba." Wannan maganar ta tsaya mini. A garin nan ne a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya (Zaria Art Society) da duk mai karatun zane a Nijeriya ya san da ita. Shuɗin Grillo na cikin abin da ya sa na fara son zanen dare. Amma maƙwabciyata ba ta taɓa shiga wajen baje kolin zane ba sai shekaranjiya, kuma ba don ba ta so ba. Ta daɗe a gaban mai shayin, ta ce tukunyar ta yi tsafta da yawa, ta mai shayi gindinta baƙi ne ƙirin. Gaskiyarta, kuma zan gyara.

Wani dattijo ya tambaye ni cikin mutunci dalilin da ya sa mutanena duk suka juya baya. Na gaya masa haka na fi samun natsuwa, kuma bayan mutum ma yana faɗin gajiyarsa. Ya gyaɗa kai, muka yi musabaha.

Na sayar da ƙanana biyu, naira 45,000 kowanne, kuɗin duka nawa. Bara da na kai aiki wata galari a Abuja kashi 40 suka cire, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga zane ɗaya da ya dawo da rauni a kusurwa. Ba na cewa a bar galari, masu sayen manyan aiki a can suke. Amma jiya na ga fuskar wanda zai rataya aikina a ɗakinsa, har ya gaya mini bangon da zai sa shi.

Mai shayin kuwa, mutumin da ya jawo kujera shi ya nemi ya tafi da shi a daren. Na juya masa bayan kanbas ɗin na nuna masa tabon, na gaya masa duk abin da ya faru, har da cewa man da ya shiga zare yana raunana shi idan shekaru suka yi nisa. Na rage masa kuɗi saboda haka. Ya ba da kafin alƙalami, muka yi da shi sai watan Yuli, bayan na gyara gindin tukunyar ya bushe, damina ta kwantar da ƙura, na yi masa banish na gaskiya.

Saura kanbas uku daga cikin shidan nan da ban taɓa ba. Ina tunanin in bi su da gam da ruwa sannan in ƙara shafi biyu na sabon haɗin, maimakon in ɓalle su daga firam, amma ina tsoron kada sabon shafin ya ɓanɓare daga kan allin da ke ƙasa. Idan akwai wanda ya taɓa ceto irin wannan a cikinku, ya gaya mini yadda ta kaya bayan shekara guda. Yau da yamma zan gwada a kan mafi ƙanƙanta.