Likitar da ban taɓa haɗuwa da ita ido da ido ba

A 2020, shekarar korona, barci ya ƙaurace min. Watanni kaɗan kafin kullen korona 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Ɗansadau, a jiharmu ta Zamfara. Allah Ya fid da ni ba ko ƙwarzane, amma ko murfin tukunya ne ya faɗi a tsakar gida sai jikina ya hau ɓari, zuciya kamar za ta faso ƙirji. Inna ta ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ban raina ba, na sha, amma da dare idona biyu har asuba.

An hana tafiya tsakanin jihohi, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kuwa can Sakkwato yake. Ƙanwata ce ta haɗa ni da wata likita ta WhatsApp. Duk Laraba bayan la'asar sai in shige ɗakin hatsi, in turo ƙofa, in zauna kan buhun gero, kada maƙwabta su ji su ce na taɓu. Ita ta fara gaya min cewa ciwon firgici ne, kuma ana warkewa. Ta ce idan ya taso in ja numfashi a hankali, in ambaci abubuwa biyar da nake gani. Ranar farko dariya ta kubce min: buhu, tsintsiya, ƙadangare a bango...

Kuɗin data kam na sha shi, ga sabis da ba ya tashi yankewa sai ina tsakiyar kuka. Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, makonni ban ji muryarta ba. Duk da haka ranar Laraba ina shiga ɗakin, in zauna in ƙirga abubuwana biyar.