Tarihin Rayuwar Ƙungiyar Auxerre, Kashi na 3: Daga Ginin Makaranta Zuwa Kofi Biyu a Kaka Ɗaya

A makon jiya mun tsaya ne a shekarar 1980, lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Auxerre ta lashe gasar rukuni na biyu ta Faransa, ta hau rukunin farko a karon farko tun da limamin coci Ernest Deschamps ya kafa ta a 1905. Ga wanda bai samu karanta kashi biyun farko ba, Auxerre, wadda Faransawa ke kira "Oser", gari ne a bakin kogin Yonne, kimanin kilomita 170 kudu maso gabas da Paris, kuma mutanensa ba su kai dubu 40 ba. Guy Roux ya karɓi aikin horar da ƙungiyar a 1961 yana ɗan shekara 22. Ya kai ta rukuni na uku a 1970, ya kai ta na biyu a 1974, sannan a 1979 suka je wasan ƙarshe na Kofin Faransa, inda Nantes ta doke su da ci 4 da 1 bayan ƙarin lokaci.

Duk ƙungiyar da ta hau rukunin farko da ɗan kuɗi a hannu, hankalinta kan tafi wuri ɗaya ne: a sayo fitaccen ɗan gaba, ya ci ƙwallayen da za su hana a koma ƙasa. Auxerre ma ta samu wannan dama. An yi maganar Olivier Rouyer, ɗan wasan gefe na tawagar ƙasar Faransa. Roux da shugaban ƙungiyar, Jean-Claude Hamel, suka zaɓi su zuba kuɗin a fili da gini. A 1982 aka buɗe makarantar horar da matasa a kusa da filin wasan ƙungiyar, kuma duk abin da za a faɗa a wannan kashi daga wannan shawara ya samo tushe.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗan wasan da aka saya yana da shekara 27, kowace kaka darajarsa raguwa take yi, ga albashi mai nauyi, in ya ji rauni kuɗi sun tafi. Yaron da aka ɗauko yana ɗan 15 kuwa, abin da ake kashe masa bai wuce ci da sha da makwanci da karatu da masu horarwa ba. Gaskiya ne yawancin yaran ba za su zama ƙwararru ba, amma idan biyu suka fito daga kowane aji, an samu 'yan wasa ba da kuɗin saye ba, kuma an samu abin sayarwa nan gaba. Dokar ƙwallon Faransa ta wancan zamani ta ƙara wa lissafin ƙarfi, domin ta wajabta wa yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru da ƙungiyar da ta rene shi. Wato babbar ƙungiya ba ta da ikon zuwa ta ɗauke shi a banza ranar da ya nuna. Wani abu kuma da ba a cika ambata ba: filin wasa na Abbé-Deschamps mallakin ƙungiyar ne, alhali mafi yawan ƙungiyoyin Faransa filin hukumar gari suke amfani da shi. Mai fili shi ke gina abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama.

Yaro ba ya tsallake mataki. Zai fara a ajin sa'o'insa, ya hau ƙungiya ta biyu wadda ke buga gasar manya a ƙananan rukunai, inda zai haɗu da magidanta masu ƙarfi da ba sa tausayin ƙafar yaro. Idan ya fi ƙarfin nan amma babu gurbi a sama, sai a ba da shi aro. Haka aka yi da mai tsaron gida Bruno Martini, wanda ya yi kaka biyu a Nancy, haka kuma aka yi da Eric Cantona, wanda aka tura Martigues a 1985. Sai yaro ya dawo ne ake miƙa masa riga. Tun a shekarun farko aka ga alamar aikin na ci, domin matasan Auxerre sun ɗauki Kofin Gambardella, babban kofin matasa na Faransa, a 1982 da 1985 da 1986.

Abin da ya ɗaure tsarin shi ne salon wasa guda daga ƙasa har sama. Roux ya riƙe 4-3-3 shekara da shekaru, ko ana yayinsa ko an daina. A baya, kowa na da mutuminsa da zai bi duk inda ya sa ƙafa, sannan akwai mutum ɗaya da ba a ɗaura masa kowa ba, yana tsaye bayansu yana share abin da ya kuɓuce. A tsakiya mutum uku: mai ƙwato ƙwallo, mai kai da kawo, da mai raba ta. A gaba kuma lamba bakwai da lamba sha ɗaya suna manne da layi, aikinsu su wuce ɗan baya su kwaso ƙwallo zuwa kan lamba tara. Amfanin wannan ga ƙaramar ƙungiya a fili yake. Ranar da aka sayar da lamba sha ɗaya, yaron da zai gaje shi ya riga ya shekara huɗu ko biyar yana yin aikin nan daidai a ajin matasa, ba sai an koya masa inda zai tsaya ba.

Salon yana da raunin da duk mai horarwa ya sani. Idan ɗan gaban abokan hamayya ya ja da baya zuwa tsakiya, mai gadinsa zai bi shi, sai rami ya buɗe a inda ya baro. Idan aka wuce mutum ɗaya da ƙwallo, dole mai sharewa ya fito tarye, bayansa kuma babu kowa. Shi ya sa wannan gurbi ba a ba yaro shi da wuri. Yana buƙatar mai karanta wasa, kuma a nan ne Auxerre ta fi yarda ta kashe kuɗi a waje.

Domin kada a ɗauka ba ta saye kwata-kwata. Tana saye, sai dai da ƙa'ida: ko tsohon hannu da zai riƙe yara, ko wanda tauraronsa ya dusashe a wani wuri farashinsa ya faɗi, ko ɗan ƙaramar ƙungiya da idon manya bai kai kansa ba. Na farko shi ne Andrzej Szarmach, ɗan gaban Poland da ya yi fice a Kofin Duniya na 1974. Ya zo a 1980 yana da shekara 30, ya ci wa Auxerre ƙwallo sama da 90 a gasar cikin kaka biyar. Ƙwallayen nan su suka sayo wa makarantar lokaci har yaranta suka girma. Enzo Scifo na Beljiyam ya zo a 1989 bayan abubuwa sun cushe masa a Inter Milan da Bordeaux, ya farfaɗo. Corentin Martins daga Brest aka ɗauko shi, Lilian Laslandes daga Saint-Brieuc, Sabri Lamouchi daga Alès, Moussa Saïb daga JS Kabylie ta Aljeriya. Taribo West kuma ya iso daga Julius Berger ta Legas a 1993, kuma gadin mutum da mutum ya zama kamar don shi aka ƙirƙiro shi.

Sayarwa ita ce ɗaya ƙafar. Ƙa'idar ita ce kada a saki mutum sai magajinsa ya nuna. A raga an ga wannan ƙarara: Joël Bats ya tafi Paris Saint-Germain a 1985, Martini ya dawo daga aro ya karɓa, Martini ya tafi a 1995, Lionel Charbonnier na nan yana jira, bayansa kuma Fabien Cool. Cantona ya koma Marseille a 1988 a kan kuɗin da ya kafa tarihi a Faransa a lokacin. Basile Boli ya bi shi a 1990, kuma shi ne ya ci wa Marseille ƙwallon da ta ba ta Kofin Zakarun Turai a 1993. Magoya baya kan ji zafin irin wannan rabuwa, amma da kuɗin nan ake biyan albashi, ake faɗaɗa wurin zaman 'yan kallo, ake ciyar da aji na gaba.

Sai batun tarbiyya, wanda a kansa aka fi ba da labarin Roux. Ana cewa yakan duba ma'aunin tafiyar motocin 'yan wasa don ya san wanda ya sulale Paris da dare, kuma yana da masu kai masa rahoto a shingen karɓar kuɗin hanya da gidajen rawa. Mutane na ba da wannan labari don nishaɗi, amma akwai hankali a ciki. Ƙungiyar da ba ta da manyan 'yan wasa biyu a kowane gurbi, barcin ɗan wasa ɗaya da lafiyar cinyarsa dukiya ce. Ƙanƙantar garin ma ta taimaka, don babu inda matashi zai shiga ba a gan shi ba.

A 1984 Auxerre ta ƙare ta uku a gasar, ta shiga wasannin Turai a karon farko. Darasin farko da Turai ta koya mata shi ne cin wasa a gida bai isa ba. A 1985 ta doke AC Milan 3 da 1, ta je can aka ci ta 3 da nema. A 1991 ta ci Liverpool 2 da nema, a Anfield aka rama mata 3 da nema. Sai a kakar 1992 zuwa 1993 ta nuna ta koyi karatun: ta fitar da Ajax mai riƙe da Kofin UEFA, da ci 4 da 2 a gida da rashin nasara 1 da nema a Amsterdam. A wasan kusa da na ƙarshe Borussia Dortmund ta ci ta 2 da nema a Jamus, ta rama 2 da nema a gida, aka je bugun fenariti, Dortmund ta wuce da 6 da 5. Shekara ɗaya bayan haka kofin farko ya shigo gari: Kofin Faransa na 1994, da ci 3 da nema a kan Montpellier, Saïb da Gérald Baticle da Martins suka zura ƙwallayen.

A bazarar 1995 Frank Verlaat, ɗan Holan mai share baya, ya koma Stuttgart. Roux ya kawo Laurent Blanc daga Saint-Étienne, wanda ya fara kakar da jinya. Paris Saint-Germain ta yi nisa har tazarar ta kai maki goma, kuma ba wanda ke kallon Auxerre a matsayin mai neman kofi. Abubuwa biyu suka juya lamarin. Na ɗaya, tun kakar da ta gabata Faransa ta koma ba da maki uku ga wanda ya yi nasara, don haka tazarar maki goma ba ta da faɗin da take da shi a da. Wasa huɗu na tuntuɓe sun isa su cinye ta. Na biyu, Blanc ya warke, baya ta zauna daram da shi da West da Alain Goma da Franck Silvestre, a daidai lokacin da Paris ta raba ƙarfinta tsakanin gasar gida da kofin Turai, wanda daga ƙarshe ta ɗauka. A watan Maris na 1996 Auxerre ta lallasa Paris 3 da nema. Ta ƙare kakar da maki 72, Paris da Monaco na da 68 kowacce.

Kafin a kammala gasar, a ranar 4 ga Mayu, an buga wasan ƙarshe na Kofin Faransa da Nîmes, ƙungiyar rukuni na uku. Nîmes ce ta fara ci, aka tafi hutun rabin lokaci a haka. Blanc ya farke, Laslandes ya ci ta biyu ana dab da tashi. Garin da mutanensa duka ba za su cika filin Parc des Princes ba ya haɗa kofin gasa da Kofin Faransa a kaka ɗaya, shekara 16 kacal da hawansa rukunin farko. West bai huta ba, ya wuce Atlanta ya ɗauko zinaren Olamfik da Najeriya a watan Agusta.

Nasarar ta zo da nata tsadar. Blanc ya tafi Barcelona, Martins ya tafi Deportivo, Christophe Cocard ya tafi Lyon, duk a bazara ɗaya. Duk da haka Auxerre ta zo ta ɗaya a rukuninta na Gasar Zakarun Turai, a gaban Ajax da Grasshopper da Rangers, har ta je Amsterdam ta ci 2 da 1. A zagaye na gaba Dortmund ce dai ta sake tare hanya, 3 da 1 a Jamus, 1 da nema a Auxerre. A wasan farko alƙali ya soke ƙwallon da Laslandes ya ci da bugun wuntsila, hukuncin da magoya bayan ƙungiyar ba su daina jayayya a kansa ba. Dortmund ce ta ɗauki kofin a wannan shekarar. Da kakar ta ƙare a 1997, West ya koma Inter Milan, Saïb ya koma Valencia, Laslandes ya koma Bordeaux.

Mutum shida daga cikin ginshiƙan zakarun sun tafi cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma babu makarantar da ke fitar da magada da irin wannan sauri. Ga kuma hukuncin Bosman da Kotun Turai ta yanke a Disambar 1995, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya ƙungiyar wata ƙasa ta Tarayyar Turai ba a biya ƙungiyarsa ko sisi ba, ya kuma cire ƙayyade adadin 'yan ƙasashen Tarayyar Turai a kowace ƙungiya. Daga nan ya zama dole a sayar da mutum tun da sauran shekara ɗaya ko biyu a takardarsa, ko magajinsa ya nuna ko bai nuna ba. A mako mai zuwa za mu ɗora daga nan, da ajin Djibril Cissé da Philippe Mexès, da kofunan 2003 da 2005, da ranar da Roux ya ajiye aiki.