Yadda Muke Shirya Tsohuwar Jif Kafin Doguwar Tafiya

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, garejinmu yakan cika da manyan motocin nan da ake kira jif, kuma kusan dukkan masu su da magana ɗaya suke zuwa. Mutum zai iso bayan La'asar, ya miƙo mukulli, ya ce a yi masa juyen baƙin mai domin gobe da asuba zai kama hanyar Maiduguri da iyalinsa. Shekara 22 ke nan ina wannan sana'a a Kano, amma har yau wannan magana tana ɗaga mini hankali, saboda motar da ta tsufa a kan titi ba a shirya ta tsakanin La'asar da Magariba domin tafiyar kusan kilomita 600.

Yawancin motocin da ake kawo mana, irin su Highlander da Lexus RX da Honda Pilot, sun yi rayuwarsu ta farko a Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas, don haka malejinsu da mil yake ƙirga. Idan na ga 160,000 a maleji, na san motar ta haura kilomita 250,000, wato idan ma ba a mayar da lambar baya ba kafin a sayar da ita. Shi ya sa nakan duba robar takun birki da fatar sitiyari da kujerar direba, domin su ba a iya koya musu ƙarya. Irin wannan mota tana iya shekara tana zirga-zirga daga Hotoro zuwa Sabon Gari lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata mutum bakwai da buhunan tsaraba, aka kunna na'urar sanyi, aka yi awa biyar ana taka totur a zafin watan Afrilu da yakan wuce digiri 40, sannan duk ciwon da take ɓoyewa ya fito tsakanin Azare da Potiskum.

Da ruwan sanyaya inji nake fara aiki, kuma a nan nake daɗewa. Ina da shekara 14 aka kai ni wurin maigidana, Allah Ya jiƙansa, na yi kusan shekara biyu ina wanke notina a cikin fetur da miƙa sufana kafin ya yarda na taɓa inji. Wata rana aka kawo wata mota tana huci, ni kuma da rawar kan yaro na kai hannu na murɗe murfin lagireto, ruwan zafi ya yi tsiri ya wanke mini damtse, tabon yana nan har yanzu. Maigida bai dake ni ba. Bayan an ɗaure mini hannu sai ya zaunar da ni, ya ɗauki murfin ya nuna mini ƙarfen da ke danne robar cikinsa, ya ce: "Kai yaro, wannan ɗan abin da ka raina shi ne yake hana ruwa tafasa." Daga baya na gane cewa matsin da murfin yake riƙewa shi ne yake ɗaga mizanin da ruwa yake tafasa, kuma idan robarsa ta mutu, mota takan zubar da ruwanta kaɗan-kaɗan a kan hanya ba tare da direba ya ankara ba. Saboda haka kowace jif da ta shigo mana sai mun gwada murfin, mun matsa kowane tiyo da hannu mu ji ko ya yi laushi ko ya ƙandare, mun haska fitila a ƙarƙashin famfon ruwa mu nemi busasshen sawun yoyo, sannan mu duba bakin robar saman lagireto, wadda takan tsage idan ta tsufa.

Akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Mota ta fara zafi, sai a kai ta wurin masu gyaran gaggawa, su cire tamostat su jefar, su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashe ta, su ce wa mai ita wai kayan ƙasar sanyi ne, ba mu da buƙatarsa a nan. Tamostat ƙofa ce da take rufe hanyar ruwa har sai inji ya ɗumama, kuma a irin waɗannan injinan na Toyota takan fara buɗewa a wajen digiri 82. Idan aka cire ta, inji yakan daɗe bai kai ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, mai motar kuma ya yi ta kukan shan mai. Ainihin ciwon, wanda sau da yawa toshewar lagireto ce saboda ruwan rijiya da aka shekara ana ɗura mata, yana nan inda yake, yana jiran doguwar hanya ya ƙona gaskit. Mu a nan mukan mayar da tamostat, mu gyara wayarin fanka yadda kamfani ya tsara, mu wanke hanyar ruwa, mu zuba ruwan lagireto na ainihi.

Daga nan sai bel ɗin taimin, wato bel ɗin da yake daidaita motsin fistin da buɗewar bawul a cikin inji. Highlander mai silinda shida ta shekarun 2001 zuwa 2007 da Lexus RX 330 da bel suke aiki, kuma ana son a sauya shi a wajen mil 90,000, yayin da injin lita 3.5 da ya zo a RX 350 da Highlander ta 2008 yake amfani da sarƙa. Ita ma Honda Pilot mai silinda shida bel gare ta, kuma idan ya tsinke ana cikin gudu, fistin yakan daki bawul, aikin ya koma na sauke kan inji gaba ɗaya. Tun da kusan babu wanda yake zuwa mana da takardar tarihin gyaran motarsa, mukan buɗe murfin bel ɗin mu gani da idonmu, kuma idan za mu sauya bel, tare muke sauyawa da famfon ruwa da ƙafafun da bel ɗin yake bi ta kansu, domin hanya ɗaya ake bi a kai gare su.

A daidai nan ne ciniki yakan tashi. "Haba Malam, bel kawai na ce ka sa," in ji mai mota, ni kuma in ce masa: "Ranka ya daɗe, idan famfon ya ci amanarka bayan wata biyu, wannan aikin za mu sake kwancewa tun daga farko." Wani kuma sai ya tafi ya dawo da nasa kayan a leda, kwali mai sheƙi da tambarin kamfani, alhali da na ɗaga filtar mai a hannuna nauyinta kaɗai ya isa ya gaya mini jabu ce. Akwai 'yan kasuwa na amana a Kofar Ruwa da na shekara ina hulɗa da su, kuma wurinsu nake aika yarana. Amma ni ma an taɓa cuta ta: wani mai kawo mana kaya daga kudu ya taɓa haɗo mini jarkokin baƙin mai da aka sake cikawa aka liƙe bakinsu, sai da na tsiyaya a farin faranti na ga kalarsa da ƙaurinsa sannan na gane. Tun daga ranar ban sake karɓar ko noti daga hannunsa ba.

Man giya yana buƙatar haƙuri. Kowace giya da irin man da aka rubuta mata, wasu motocin Toyota man da ake kira T-IV suke sha, wasu kuma wanda ake kira WS, Honda kuma tana da nata, kuma ba a haɗa su. Idan na zaro sandar awo na ga man ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, ba na yarda a wanke giyar da injin matsi ana gobe tafiya. Mukan tsiyaye abin da ya fito, mu mayar da sabo daidai gwargwadonsa, mu bar motar ta yi kwanaki tana yawo muna saurarenta. Jif mai jan ƙafa huɗu kuma tana da man aksul da na akwatin raba ƙarfi, waɗanda sau da yawa nakan tarar ba a taɓa buɗe su ba tun da motar ta shigo ƙasar nan. Birki da man birki, wanda yakan tsotsi danshi shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, da batir da fulogi da filtar iska da ƙurar hunturu take toshewa, duk mukan bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a hau rami a girgiza ƙafafu a ji bushin da shokozoba.

Taya kuwa ba zanenta kaɗai nake kallo ba. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Tayoyin hannu da ake shigowa da su sukan zo da zane mai kyau alhali robarsu ta bushe, kuma kwalta mai zafi da nauyin kaya su ne suke fasa irinsu. Iska kuma da ma'auni muke sa ta tun taya tana da sanyi, bisa lambar da ke liƙe a jikin ƙofar direba. Safayar da yawa daga cikin motocin nan a ƙarƙashi take rataye, kuma na sha ganin sarƙar sauke ta ta yi tsatsa ta ƙi motsi, don haka sai mun sauke ta a gaban mai motar, mun shafa wa sarƙar giris, mun tabbatar jak da sufanar taya suna cikin but.

Idan aka gama, ni da kaina nake tuƙa motar zuwa Wudil in dawo, da na'urar sanyi a kunne, ina kallon allurar zafi ina sauraren giya. Bayan haka mai ita ya yi kwana uku yana hawa a cikin gari, ya dawo mu sake ɗora ta a rami mu duba ko wani wuri yana tsattsafo, mu ƙara ɗaure notinan taya. Wannan duka yakan ci mako guda, saboda haka wanda yake da niyyar tafiyar Sallar bana ya kawo motarsa tun da sauran kwana goma, kuma idan yana da wata takarda ta gyaran da aka taɓa yi mata, ya haɗo da ita.